ZAUREN IYALI: Kwana Uku a Santambul

 

Ranar Juma'ar da ta gabata, bayan an sallame, wani ɗan'uwa mai sayar da tufafi a kasuwar Kongo ya tare ni a ƙofar masallaci. Ya ce, "Ɗan Liman, shawara nake nema." Ashe sau shida ke nan yana zuwa Istanbul sarin kaya, amma ban da shagunan unguwar Laleli da ofisoshin masu aika kaya da ɗakin kwanansa, bai san komai a birnin ba. Kwanan baya mahaifiyarsa ta ji a wurin wa'azi cewa akwai kabarin Sahabi a can, ta tambaye shi ko ya taɓa kai gaisuwa. Ya ce kunya ta kama shi, ya rasa amsar da zai ba ta. Yanzu ya ƙudura zai kai ta tare da maiɗakinsa, kwana uku kawai, domin kasuwa ba ta jira. Tambayarsa ita ce: ta ina zai fara?

Na yi masa alkawarin amsawa a nan, saboda na san ba shi kaɗai ba ne. Ni ma a watan Oktoba na 2023 na yi irin wannan tafiyar da Inna da uwargidana, kuma kurakuran da na yi sun fi abin da na yi daidai koya mini darasi.

Kafin maganar biza da tikiti, akwai tambayar da mahaifina ya yi mini lokacin da na kai masa maganar tafiyar. Bai hana ba, bai kuma yi murna ba. Cewa ya yi, "A cikinku wa bai sauke farali ba?" Kujerar Hajji a Kamaru ta haura sefa miliyan uku a 'yan shekarun nan, kuma da na zauna na lissafa tikitin mutum uku da masauki da ci da sha, sai na ga kuɗin ba su da nisa sosai da kujera guda. Inna ta riga ta yi Hajji, ni ma haka, uwargidana kuwa adashinta na Hajji daban yake, ba a taɓa shi ba. Da na bayyana masa haka sai ya sa albarka. Ina ganin duk mai gidan da zai yi wannan shiri ya kamata ya fara tsayawa a nan. Ganin ƙasa halas ne, har ma abin so ne in an yi shi don lura da wa'aztuwa, amma ba ya shiga gaban farilla, kuma ba a cin bashi dominsa.

Me ya sa Istanbul? Na farko dai akwai jirgin Turkish Airlines da ke tashi daga filin jirgin Duwala, nan kusa da New Bell, tafiyar wajen awa bakwai, in ya ya da zango a wani gari kuma ta ɗara haka, abincin cikin jirgin ma halas ne. Na biyu, sunan birnin ba baƙo ba ne a kunnen Bahaushe. Kakanninmu Santambul suke ce masa, kuma in suna son kwatanta girman mulki sai su ambaci Sarkin Santambul. Tun a shekarun 1570 Mai Idris Alauma na Barno ya aika jakadu zuwa fadar Sarki Murad na Uku, suka ƙetare Sahara da teku a kan tafiyar da mu yau muke yi tsakanin sallar dare da hantsi.

Takardu ba su da wuyar fahimta, jinkiri ne ke ɓata su. Fasfo na zamani da aka fara bayarwa a Yulin 2021 sefa 110,000 ne, yana aiki shekara biyar. A duba na kowa tun da wuri, ya zama da sauran aƙalla wata shida kafin ya mutu. Mai fasfon Kamaru yana bukatar biza, ofishin jakadancin Turkiyya kuma a Yawunde yake. Ƙa'idojin biza suna canzawa, don haka a tambayi ofishin ko kamfanin jirgin kai tsaye, kada a dogara da abin da wani ya ce an yi masa shekara biyu da suka wuce, balle dillalan da ke cewa "kawo kuɗi ka bar mini sauran." Katin rigakafin shawara, mai launin rawaya ɗin nan, a haɗa shi da fasfo, domin ana neman sa a wajen dawowa gida. Kuɗi kuwa a riƙe yuro. Sefarmu a ɗaure take da yuro, yuro ɗaya sefa 655.957, lirar Turkiyya kuwa darajarta zamewa take yi, shi ya sa ba zan kawo muku farashi da lira ba, kada ya tsufa kafin a gama buga wannan takarda. A riƙa canzawa kaɗan-kaɗan a cikin gari, ba a filin jirgi ba.

To, ga abin da nake son ɗan'uwan nan ya riƙe. Yawancinmu in an ce ƙasar Musulmi ce sai mu saki jiki, mu ce salla da abinci ba za su zama matsala ba, mu mayar da hankali ga jerin wuraren da za mu gani, salla kuma a yi ta duk inda ta riske mu. Ni na yi haka, na kuwa ga sakamakonsa. Abin da ya fi shi ne a juya lissafin. A fara rubuta lokutan salloli biyar na kwanakin uku, a zaɓa wa kowace salla masallacinta, sannan a cika tsakaninsu da yawo. A Istanbul wannan ba takura ba ce, domin manyan abubuwan kallon birnin su ne masallatansa. Baƙon da ya zo kallo yana bin layi a rana, in lokacin salla ya yi a tsayar da shi a waje. Kai kuwa a daidai wannan lokacin ne ƙofa take buɗe maka, ka shiga ba da tikiti ba, ka zauna a ƙarƙashin ƙubba kana jiran liman, ka more wa idonka abin da wasu ke leƙe a tsaye.

Sai dai lokutan can ba irin namu ba ne. Mu a Duwala muna dab da tsakiyar duniya, asuba da magariba ba sa matsawa sai kaɗan duk shekara, har mun saba ba ma duban jadawali. Istanbul tana can arewa. A ƙarshen Yuni alfijir yana ketowa wajen ƙarfe uku da rabi na dare, magariba sai kusan tara saura kwata, isha'i kuwa ta wuce goma da rabi. Tsohuwar da ta wuni a ƙafa ba za ta iya wannan ba. Abin takaici, babban hutun makaranta a nan ya faɗo, lokacin da ruwan Duwala ke korar kowa, can kuma zafi da cunkoson baƙi da tsadar masauki. A Disamba akasin haka ne: rana ba ta fitowa sai bayan ƙarfe takwas, ta faɗi kafin shida, ga sanyin da ke sa alwala a famfon masallaci ta zama jarrabawa. Afrilu da Mayu, ko Satumba da Oktoba, su ne daidai da jikinmu. Mai son tafiya da yara ya dubi hutun ƙarshen Maris zuwa farkon Afrilu, ya tanadi rigunan sanyi. Agogonsu yana gaban namu da awa biyu duk shekara.

Abu na biyu shi ne alƙibla, kuma a nan ne na ji kunya. A harshenmu "fuskantar gabas" da "fuskantar alƙibla" sun zama abu ɗaya, ko da yake daga Duwala ma alƙiblar arewa maso gabas take. Daren da muka sauka, a gajiye, na leƙa taga na ƙiyasta inda rana za ta fito, na shimfiɗa darduma, na ja su Inna magariba da isha'i, da asuba ma muka maimaita. Da gari ya waye uwargidana ta ɗaga kai ta ga wata 'yar kibiya a manne a rufin ɗakin tana nuna wani ɓangare daban. Makka tana kudu maso gabas da Istanbul, kudun ma ya fi yawa. Na buga wa Malam waya. Ya ce wanda ya yi ƙoƙari ya kuskure alƙibla yana sake sallar da lokacinta bai fita ba, sannan ya ƙara da abin da ya fi hukuncin zafi: "Kai da ke garin da hasumiya ta fi bishiya yawa, wa ya aike ka ƙiyasi? Ba ka da bakin tambaya?" Birnin yana da masallatai fiye da dubu uku. Tun daga ranar Inna ta kan ce in duba rufi kafin in duba gado.

Na uku, hukuncin matafiyi. Waɗanda suka karanta Risala sun san cewa a mazhabarmu ta Malikiyya ana ƙasaru a tafiyar da ta kai mil 48, wato kilomita tamanin da 'yan kai, kuma wanda ya yi niyyar zaman kwana huɗu cikakku ya zama mazauni, sai ya cika sallarsa. Mai kwana uku yana nan a matafiyinsa: in ya yi salla shi kaɗai ko da iyalinsa a ɗaki, raka'a biyu ce a azahar da la'asar da isha'i, in kuwa ya bi limamin gari sai ya cika huɗu tare da shi. Turkawa Hanafawa ne, a wurinsu sai niyyar kwana goma sha biyar ke yanke ƙasaru, kada wannan ya rikita kowa in an yi hira da su. Za a kuma ga wasu bambance-bambancen. Ba sa ƙunuti a sallar asuba, kuma suna jinkirta ta har gari ya fara haske, kamar rabin awa kafin fitowar rana, wanda hakan sauƙi ne ga baƙo. Ba sa ɗaga murya da amin. Bayan sallama ladan ne ke jan tasbihi, jama'a na bi. Babu ɗaya a cikin waɗannan da ke hana koyi da limaminsu. Mu da muke sallatar Juma'a a New Bell kafaɗa da kafaɗa da Fulani da Bamun da mutanen Sanagal da Mali, bai kamata ƙaramin saɓani ya firgita mu ba.

Masauki shi ne kuskurena na biyu, kuma ya ci mini kuɗi. Wani mai shiga tsakani ya samo mana ɗakuna masu araha, ya ce "tsakiyar gari ne." Gaskiya ya faɗa, amma tsakiyar garin masu raye-raye, a ƙetaren ruwa ta wajen Taksim, a kan tudu, bene hawa huɗu ba na'urar hawa, ga kiɗa daga mashayar ƙasa har kusan asuba. Inna ta hau matakalan nan sau ɗaya, ta ce ba za ta sauka ba sai in ba za a dawo ba. Washegari muka kwashe kaya, kuɗin kwana biyu suka tafi, rabin yini ma ya tafi. Araha ba ta ado. A nemi masauki a tsohon birni, gundumar Fatih, tsakanin Sultanahmet da Sirkeci, kusa da layin taram mai lamba T1. Wannan layin shi ne igiyar da ta ɗaure tafiyar duka: yana bi ta Aksaray da Laleli da Beyazıt, bakin babbar kasuwa, ya wuce Sultanahmet ya gangara Eminönü, bakin ruwa. Kati guda, Istanbulkart, ana zuba masa kuɗi a shiga taram da bas da jirgin ruwa da shi. Kafin a biya a tambayi abu uku: akwai na'urar hawa, akwai mashaya a ginin ko a maƙwabta, kuma minti nawa ne zuwa masallaci da tafiyar tsohuwa. Filin jirgin, wanda ya fara aiki sosai a 2019, yana da nisan fiye da kilomita 40 daga nan, don haka a ware masa lokaci mai yawa ranar komowa.

Ranakun da na ba ɗan'uwan shawara su ne Alhamis da Juma'a da Asabar. Dalili kuwa, fadar Topkapı a rufe take ranar Talata, babbar kasuwa a rufe take ranar Lahadi, ga kuma Juma'a a tsakiya.

Alhamis ta Sultanahmet ce, inda komai yake kusa da juna. A shiga Topkapı da zarar an buɗe da safe. Fadar tana da faɗi, tikitinta da tsada, kuma mai tsohuwa a hannu ba zai zagaye ta duka ba. A nufi sashen Amanoni Masu Tsarki kai tsaye, inda aka ajiye kayan da aka fara tarawa bayan Sarki Salim na Ɗaya ya ci Masar a 1517: akwatin mayafin Manzon Allah (SAW), da takubban da ake dangantawa gare shi da Sahabbansa, da mabuɗan Ka'aba da tsofaffin indararonta, mai karatun Alƙur'ani kuma yana zaune yana tilawa ba yankewa. Wasu kayan, irin sandar da ake cewa ta Annabi Musa ce, dangantawa ce kawai, kuma na fi son a gaya wa iyali haka tun a ƙofa, kada a dawo gida ana rantsuwa a kan abin da ba a tabbatar ba. Azahar a yi ta a Aya Sofiya. Sarkin Rum Justiniyan ne ya gama gina ta a matsayin coci a 537, ta zama masallaci a 1453 da Sarki Muhammadu Alfatih ya ci birnin yana ɗan shekara 21, aka mai da ita gidan tarihi a 1934, ta koma masallaci a Yulin 2020. Daga Janairun 2024 baƙon da ya zo kallo yana biyan yuro 25, wajen sefa 16,400, ya hau benen sama. Mai salla ba ya biya, sai dai ya zo a kan lokaci ta ƙofar masallata. In an shiga a lura da mihirabin: ya ɗan karkata dama daga tsakiyar ginin, domin waɗanda suka gina shi ba Makka suka fuskanta ba. Ganin haka ya ɗan rage mini kunyar daren farko. Bayan azahar a koma ɗaki a kwanta. La'asar ko magariba a yi ta a masallacin Sarki Ahmad mai hasumiya shida, wanda aka fara ginawa a 1609, can ƙetaren fili, tafiyar minti biyar.

Juma'a ba ta wajaba a kan matafiyi ba, amma wa zai je Santambul ya bar ta? Mu a Sulaimaniyya muka yi, masallacin da babban magini Sinan ya gina wa Sarki Sulaiman tsakanin 1550 da 1557. A kan tudu yake, a ɗauki tasi saboda gwiwar tsofaffi. A je da wuri ƙwarai, musamman mata, domin wurinsu ƙarami ne ranar Juma'a, maza kan cika har harabar waje. Huɗubar da Turkanci ake yin yawancinta. A ƙofar masallacin akwai jerin gidajen abinci da suka shahara da wake da shinkafa, kuma wannan ne abinci na farko da Inna ta cinye ba ta yi ƙorafi ba, bayan ta zazzaga masa yajin da ta ƙullo daga gida. Daga nan babbar kasuwa ba nisa, mai shaguna wajen dubu huɗu a ƙarƙashin rufi ɗaya. Ɗan kasuwar Kongo ba ya bukatar in koya masa ciniki. Abin da kawai zan ce masa shi ne ya sa wa kasuwa awa biyu, ya kuma hana kansa leƙa Laleli "na minti goma," domin mun san yadda minti goman ɗan kasuwa yake.

Tunda an zo maganar abinci: naman da ake sayarwa a gidajen abinci na gari galibi halas ne, alade ba kasafai ake ganin sa ba, sunansa da Turkanci domuz. Giya ce abin lura. Ana sayar da ita a wurare da yawa, musamman ta wajen Taksim da ƙarƙashin gadar Galata da gidajen kifi na Kumkapı. A nemi ƙananan gidajen da ake kira lokanta, inda ma'aikata ke cin abincin rana, a nuna abin da ake so da yatsa. Kalmar alkolsüz tana nufin babu giya. Akwai wani nono mai gishiri da suke sha, ayran, mai daɗi, amma akwai giyarsu, rakı, wadda in an zuba mata ruwa takan yi fari, don haka kada yaro ya ga farin abu a kofin wani ya miƙa hannu. Kalmomi uku kuma za su yi amfani kullum: cami, ana furta shi jami, babban masallaci, mescit, ƙaramin wurin salla a kasuwa ko tasha, abdest, alwala. Buta ba a samunta a ɗakin otal, a riƙe gorar ruwa. Kowa kuma ya sa 'yar leda a aljihu ta zuba takalmi. A taram a kula da aljihu, kuma duk wanda ya tare ku a titi da fara'ar da ta wuce kima yana gayyatar shan wani abu, a yi masa godiya a wuce.

Asabar kuwa a ba Abu Ayyubal Ansari (RA) ita, domin saboda shi aka zo. Shi ne wanda taguwar Manzon Allah (SAW) ta durƙusa a kusa da gidansa ranar shiga Madina, ya sauke shi a gidan har wata bakwai kafin a gama ginin masallaci da ɗakuna. Da tsufansa, a zamanin Mu'awiya, ya bi rundunar da ta nufi wannan birni, ciwo ya kama shi, ya yi wasiyya a kai gawarsa iyakar inda rundunar ta iya kaiwa, aka binne shi kusa da ganuwa. Bayan shekara kusan ɗari takwas, da aka ci birnin, an ruwaito cewa Shehu Akshamsuddin, malamin Alfatih, shi ya nuna wurin kabarin, aka gina masallaci a 1458. A nan ake ɗaura wa sabon sarkin Usmaniyya takobi in ya hau gado. Unguwar yau sunanta Eyüpsultan, kuma taram mai lamba T5 yana kai mutum daga Eminönü, yana bin gefen ruwa. Mai son sallar asuba a can ya yi magana da mai tasi tun dare.

Mun isa gari bai waye ba, muka tarar da harabar cike da iyalai, maza da mata da yara, ga tsofaffin bishiyoyi, ga tattabaru. Bayan salla muka bi layin gaisuwa, maza ɓangare, mata ɓangare. Na san a cikin masu karatunmu akwai 'yan ɗariƙa, akwai 'yan Izala, kuma na san inda suka saɓa a kan ziyarar kabari. Abin da ba wanda ya saɓa a kansa shi ne a yi sallama, a roƙa wa mamaci gafara da ɗaukaka, a roƙi Allah Shi kaɗai, a ba na baya wuri. Wannan muka yi. Inna, wadda ta shekara arba'in tana sauke baƙin Malam, almajirai da matafiya da waɗanda jirgin ƙasa ya zubar da dare, ta fito tana share hawaye da gefen mayafi. Ta ce mini, "Wannan shi ne mai masaukin da ya fi kowa sa'ar baƙo." Daga nan ta zauna a harabar ta ƙi tashi har hantsi ya ɗaga. Ina da jerin wurare uku a aljihuna na wannan safiyar, har da hawa tudun Pierre Loti a cikin akwatin da ke tafiya a kan waya, don a hango birnin daga sama. Ban fito da takardar ba. Muka sayi shayi da simit, burodin nan mai riɗi, muka zauna muna kallon yara maza sanye da fararen kaya da hula mai gashin tsuntsu kamar 'ya'yan sarki, waɗanda iyayensu ke kawowa ziyara kafin a yi musu kaciya.

Da yamma, in da sauran ƙarfi, a shiga jirgin fito daga Eminönü zuwa Üsküdar. Tafiyar ba ta fi minti ashirin ba, da katin taram ɗin nan ake biya, kuma da ita an bar nahiyar Turai an taka Asiya. Daidai bakin tashar akwai masallacin Mihrimah, 'yar Sarki Sulaiman, shi ma aikin Sinan ne. A yi magariba a nan, a juya a dubi hasumiyoyin tsohon birni a ƙetaren ruwa. Uwargidana ta ce kamar ƙetare Wuri zuwa Bonaberi, in da Bonaberi wata nahiya ce.

Ga wanda kuma Istanbul hanya ce kawai a gare shi, kamar masu zuwa Umra ta can, kamfanin jirgin yana da shirin da ya kira Touristanbul, na zagaya gari kyauta ga fasinjan da zai jira tsakanin awa 6 zuwa 24. Shi ma sai da bizar shiga ƙasar, a tambaya tun lokacin yankan tikiti.

Ɗan'uwana na kasuwar Kongo, abu guda ya rage. Kafin ka biya kuɗin komai, ka ɗauki Hajiya ku yi tafiyar ƙafa daga masallacin unguwa zuwa kasuwa, ka duba agogo, ka ga inda ta tsaya ta huta. Da wannan ma'aunin za ka auna duk abin da na rubuta a sama, ka soke abin da ya fi ƙarfinta. Magungunanta kuma su kasance a jakar hannu tare da takardar likita, ba a cikin akwatin da ake awo ba.

Masu tambaya a kan Alƙahira da Kasabalanka, wasiƙunku sun iso, za mu taɓa su a fitowa ta gaba in Allah Ya kai mu. Wassalamu alaikum.